Yadda Musulmi zai ci abincin bakin titi a Tailan hankali kwance

Da misalin ƙarfe biyar na yamma gefen titunan Bankok ke fara cika da amalanke. Wannan na hura gawayi, wancan na jera kujerun roba, wata na dakan ɗanyar gwanda a turmin yumɓu, kafin magariba unguwar ta turnuƙe da hayaƙi da ƙamshin tafarnuwa. Ma'aikacin banki da ɗan acaɓa a teburi guda suke cin abincin dare, domin ɗakunan haya da yawa a birnin ba su da madafi, sayen dafaffe ya fi wa mutane sauƙi. Baƙon da ya kulle kansa a otel yana cin burodi da shayi ya yi asarar mafi daɗin abin da ƙasar take da shi.

Sai dai wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana ɗauke da damuwa biyu: alade da ɓacin ciki. Alade shi ne naman yau da kullum na mafi yawan mutanen Tailan, kuma ba kullum ake ganinsa a faranti ba. Maganin damuwar biyu ɗaya ne: ka fara zaɓar mai dafa abincin, sannan ka zaɓi abincin. Duk abin da ke tafe a kan wannan aka gina shi.

Shirin da ake yi tun daga gida

Tailan tana neman katin rigakafin shawara daga matafiyan Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi da Sudan, kuma a filin jirgin Suvarnabhumi na Bankok akwai teburin jami'an lafiya da za ka fara nuna shi kafin ka shiga layin shige da fice. Tunda dole ka je asibiti saboda wannan, ka tambayi likita rigakafin taifot da na ciwon hanta nau'in A, waɗanda ta abinci da ruwa ake ɗaukarsu. A yi su aƙalla mako biyu kafin tafiya. Ka sa 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari a jaka.

Kuɗin ƙasar bat ne. Takardar 20 kore ce, ta 50 shuɗiya, ta 100 ja, ta 500 shunayya, ta 1,000 kuma mai ruwan toka-toka. Farantin abinci a titi yakan kama daga bat 50 zuwa 80, ya ɗara haka a wuraren 'yan yawon buɗe ido ko idan kayan teku ne. Mai amalanke ba shi da canjin 1,000, don haka ka fasa babbar takarda a kantin 7-Eleven ta hanyar sayen ruwa. Za ka ga 'yan ƙasa suna biya da waya, amma tsarin galibi sai mai asusun bankin Tailan. Na'urar cirar kuɗi kuma tana cajin katin waje sama da bat 200 duk cira ɗaya, saboda haka a ciri mai yawa lokaci guda. Hoton sarki yana jikin kowane kuɗi. Idan takarda ta faɗi iska na jan ta, kada ka take ta da ƙafa, abin na iya zame maka babbar rigima.

Harshen Tai yana da karin sauti biyar. Bahaushe ya san yadda kari ke sauya ma'ana, to haka abin yake a can, kalma ɗaya za ka faɗa da karin da ba nata ba mai abinci ya tsaya yana kallonka. Ka nemi ma'aikacin otel ya rubuta maka da haruffan Tai cewa kai Musulmi ne, ba ka cin alade, ko kitsensa, ko romonsa, ko jini, ko giya, ka ɗauki hoton rubutun a waya. Ka kuma haddace siffar kalma ɗaya tak: หมู. Ana karanta ta "mu", a allunan da aka yi wa baƙi ana rubuta ta moo, ma'anarta alade.

Inda alade ke ɓuya

Na fili ba shi da wuyar kaucewa: tsiren moo ping da ake gasawa da safe, ƙafar alade da ke cikin babbar tukunya, tsiran hanji iri-iri. Matsalar tana wurin abincin da sunansa kaza ne ko kifi ko ganye.

Romo ne na farko. Tukunyar romon da ke tafasa a teburin taliya sau da yawa da ƙashin alade aka haɗa ta, ko da abin da aka ɗora maka a sama curin kifi ne. Cokali guda na wannan romon ne kuma mai suya ke watsawa a kasko idan yana soya ganye. Sai mai: yawanci man dabino ko na waken suya ake amfani da shi, amma tsofaffin hannu masu neman ɗanɗanon da, musamman masu soyayyar taliya ta pad thai da wainar kawa da ake kira hoi tod, da kitsen alade suke suya. Ana kuma barbaɗa soyayyar tafarnuwa a kan taliya, wadda akan soya tare da ɓarɓashin kitsen alade. Na uku shi ne garin ɗanɗano, irin dunƙulen da muke sakawa a miya, wanda a can akwai mai ɗanɗanon alade, kuma mai dafa abinci ba ya ƙidaya shi a matsayin nama. Za ka ce masa ba ka cin alade, ya amsa da gaskiyarsa cewa bai saka ba, alhali ya zuba garin.

Akwai kuma waɗanda sunansu ke yaudara. Goong ob woonsen jatan lande ne da siririyar taliya a ƙaramar tukunya, amma a ƙasan tukunyar ana shimfiɗa yankan kitsen alade. Pad kra pao, wato niƙaƙƙen nama da ganye dangin ɗoɗɗoya, idan ba ka faɗi nama ba alade za a sa. Kunun shinkafa na safe, jok, da curin alade yake zuwa. A kan burodi da wasu kayan zaƙi za ka ga wani abu kamar dambun nama mai laushi, shi ne moo yong, dambun alade. Taliyar da ake kira kuay teow ruea da jini ake kaurara romonta, haka duk miyar taliya da aka ce nam tok. Wani yanki mai ruwan hanta, mai santsi kamar awara, da ake ajiyewa a gefen shinkafa da kaza, daskararren jini ne. A ɗaya gefen kuma, pad kee mao ana fassara wa baƙi sunanta da taliyar mashaya, amma ba giya a cikinta, suna ne kawai.

Ko an tsira daga duk wannan, saura yanka. Kazar da ke teburin wanda ba Musulmi ba, ba ka da tabbacin wanda ya yanka ta. Shi ya sa muke ganin jayayya da mai abinci kan abin da ya zuba ɓata lokaci ne. Ka nemi teburin Musulmi, tambayoyin duka su faɗi lokaci ɗaya.

Gane teburin Musulmi

Musulmi sun kai wajen kashi biyar cikin ɗari na mutanen ƙasar, su ne mafi rinjaye a lardunan Pattani, Yala, Narathiwat da Satun na kudu, kuma a Bankok kaɗai akwai masallatai sama da ɗari. Sana'ar abinci tana cikin manyan sana'o'insu. Alamominsu: jinjirin wata da tauraro a jikin amalanke, galibi a kan kore, kalmar halal da haruffan Larabci, mace da ɗankwali ko hijabi, namiji da hula. Majalisar Musulunci ta ƙasa tana da tambarinta, kalmar halal a cikin zane mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan tsininsa, za ka fi ganinsa a jikin kayan kanti da manyan gidajen abinci. Ƙaramin mai amalanke da wuya ya mallaki takardar, shaidarsa ita ce shi kansa. Yi masa sallama, yadda ya amsa zai gaya maka. Ana kiran namiji Musulmi da "bang", wato yaya, shi ya sa sunayen tebura da yawa ke farawa da wannan kalma. Allon da ya ce kawai ba alade ba kitsen alade bai ce komai a kan yanka ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe taswirar waya ka nemi masallaci mafi kusa, abinci yana kewaye da shi. A Bankok, mai sarin kaya a Pratunam yana iya takawa zuwa lungu na 7 na titin Phetchaburi, inda masallacin Darul Aman yake, lungun cike yake da masu abinci Musulmi, tashar jirgin sama-da-titi ta Ratchathewi ma tana kusa. A tsohuwar unguwar Bang Rak akwai masallacin Haroon a lungu na 36 na titin Charoen Krung, ana sauka a tashar Saphan Taksin, kuma ranar Juma'a bayan salla ce lokacin da ya fi cika da abinci. Unguwar Ban Khrua, ta jikokin Musulmin ƙabilar Cham masu saƙar alharini, tana bakin mashigin ruwan Saen Saep. Jirgin ruwan da ke bin wannan mashigin daga Pratunam zai kai ka Ramkhamhaeng, inda ɗaliban jami'a 'yan kudu suka yi yawa, a nan ne za ka samu abincin kudu na ainihi da araha. Lungun Larabawa da ke Nana, wajen Sukhumvit 3, halal ne amma abincin Gabas ta Tsakiya ne, kuma da tsada. Yaowarat, unguwar 'yan Sin da kowa ke yabo, a je ta don kallo da 'ya'yan itace da gasasshen kayan teku, domin can ne cibiyar alade. Ka sani kuma ranar Litinin masu amalanke da yawa a Bankok ba sa fitowa, ranar sharar titi ce.

Idan yunwa ta kama ka inda ba Musulmi, akwai mafita biyu. Ta farko kayan ruwa da aka gasa su kaɗai. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne kuma ba ya buƙatar yanka. Pla pao ya fi komai dacewa: kifi ne sukutum da ake cusa wa ciyawa mai ƙamshin lemo a baki, a lulluɓe shi da gishiri, a gasa a gawayi, a ɓare fatar a ci tsokar. Ka dai duba ko wayar gashin tasa ce shi kaɗai. Ta biyu tuta rawaya mai jan rubutu เจ, ana cewa "je". Abincin masu ƙaurace wa nama ne gaba ɗaya, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba ma tafarnuwa da albasa. A bikin kwana tara da ake yi wajen Satumba ko Oktoba, wanda ya fi ƙarfi a Phuket, tutocin nan ko'ina suke. Batun kaskon da aka soya alade aka ɗauraye, kowa ya tambayi malaminsa tun kafin ya taso.

Mintuna biyu na kallo kafin ka zauna

Teburin Musulmi ya raba ka da alade, bai raba ka da gudawa ba. Tsaya gefe ka duba. Layin 'yan ƙasa, musamman mata da yara da ma'aikatan ofis, alama ce cewa abincin ba ya kwana kuma masu dawowa ne ke ci. Mai sayar da abu ɗaya ko biyu ya fi mai allo mai hotuna arba'in, domin kayansa suna ƙarewa kullum. Ɗanyen nama da jatan lande su kasance a kan ƙanƙara ko cikin akwatin sanyi. Dubi man suya: idan ya yi baƙi yana kumfa, wuce. Dubi hannun da ke karɓar kuɗi, shi ne ke yanka kokwamba? Dubi bahon wanke-wanke a bayan amalanke, masu kula suna da baho biyu ko uku, na sabulu da na ɗauraya.

Lokaci ma yana cikin tsafta. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye haka ba. Teburin khao gaeng, inda ake jera tasoshi goma ko ashirin na miya ka nuna wadda za a zuba maka a kan shinkafa, da sassafe ake dafa kayansa. A ci shi daga bakwai na safe zuwa sha biyu. Ƙarfe uku na rana, a zafin watan Afrilu, miyar madarar kwakwa ta riga ta fara juyawa ko da ba ta yi wari ba. Da yamma ka nemi abin da za a soya ko a gasa a gabanka, ya zo yana tururi.

A kan tebur za ka tarar da cokula cikin kwando. Ka goge da takarda, ko ka tsoma su a tukunyar ruwan zafi idan an tanada.

Yin oda

A rubutun da ake yi wa baƙi, ph ana karanta shi p, kh kuma k, th kuma t. Gai kaza ce, neua naman sa, pla kifi, goong jatan lande, khai ƙwai, khao shinkafa. "Mai gin moo", ba na cin alade. "Mai sai" sannan sunan abu, kada a saka shi. "Tao rai", nawa ne. "Phiset" babban faranti, yakan ƙara bat 10 ko 20, kuma Bahaushe zai buƙace shi, domin farantinsu ƙarami ne, 'yan ƙasa sau da yawa suke ci a yini. "Sai thung", a sa a leda. Namiji ya rufe magana da "khrap", mace da "kha", rashin su kamar ka yi wa babba magana ba gaisuwa ne. Nuni da hannu ga farantin wani ma oda ce. Ana biya bayan an ci, ba a taya abinci, ba a kuma jiran tukwici. Inda ba a rubuta farashi ba, musamman kayan teku da ake sayarwa bisa awo, ka tambaya kafin a ɗora a wuta.

Wanda ya saba da attaruhu kada ya raina yajinsu. Ƙaramin barkononsu, prik khi nu, wato barkono kashin ɓera, ɗanye ake daka shi, kuma zafinsa a hankali yake taruwa. "Mai phet", ba yaji. "Phet nit noi", ɗan kaɗan. A kwana biyun farko ka tsaya a nan, saboda ciki, domin sau da yawa abin da baƙo ke ɗauka guba ce ta abinci yaji ne da gajiyar tafiya. Mai som tam, wato kwaɗon ɗanyar gwanda, za ta tambaye ka barkono nawa, ka ce ɗaya. Ko ka ce babu, turmin yana riƙe da yajin wanda ya riga ka, sai ka roƙa a ɗauraye. Idan baki ya kama wuta ruwa ba ya kashe ta, domin sinadarin yaji a mai yake narkewa. Farar shinkafa, kokwamba ko shayi mai madara su ne magani.

Teburin taliya yana da 'yan kwalabe huɗu: sukari, dakakken barkono, ruwan tsami da yankan barkono, da nam pla. Da gangan ake kawo romon da sauƙin ɗanɗano don kowa ya gyara nasa. Ɗanɗana tukuna, sannan ka ƙara rabin ƙaramin cokali na abin da ya gaza. Nam pla ruwan ƙananan kifi ne da aka jiƙa da gishiri shekara guda ko fiye, shi ne gishirin ƙasar. Warinsa da na kapi, dunƙulen ƙananan jatan lande, zai buge ka da farko, amma wanda ya san aikin daddawa a miya ya san yadda abin ke komawa idan ya ji wuta.

Cokali a dama, mai yatsu a hagu yana tura abinci cikin cokalin, ba a kai shi baki. Tsinkaye biyu na taliyar romo ne kawai, kuma ba wanda zai yi maka dariya idan ka nemi cokali mai yatsu. Shinkafa mai danƙo da hannu ake cin ta, a mulmula a dangwala kamar tuwo.

Abin da za ka fara da shi

Ranar farko khao mok gai. Shinkafa ce da aka turara tare da kaza, kurkum da kayan ƙamshi, a barbaɗa soyayyar albasa, a kawo da kokwamba da wani koren miya na na'a-na'a mai zaƙi da tsami. Ba yaji, ta dahu sosai, kuma kusan duk mai sayar da ita Musulmi ne. A teburin yawanci akwai farfesun jelar sa, sup hang wua, mai lemon tsami da ɗanyen barkono. Wannan farfesun ya cancanci a yi tafiya dominsa. Shinkafar kanta za ta ba ka mamaki: 'yar Tailan da muka sani a buhu turarriya ce da ake yi don kasuwar waje, su kuwa hom mali suke ci, mai laushi da ƙamshi.

Satay ɗan'uwan tsire ne, sai dai ana jiƙa naman a madarar kwakwa da kurkum, gyaɗar kuma miya ce a gefe, tare da kokwamba da albasa cikin ruwan tsami. A teburin da ba na Musulmi ba satay na alade ne, a kula. Massaman miya ce mai kauri ta madarar kwakwa, dankali, gyaɗa, kirfa da tsamiya, sunanta ma daga kalmar Musulmi ake danganta shi. Roti kuwa da yamma ake nemansa: a miƙa ƙullun har ya yi shara-shara, a soya a faffaɗan kasko da ƙwai da ayaba, a yanka, a tsiyaya madarar gwangwani. Wanda aka cusa wa niƙaƙƙen nama da albasa shi ne mataba.

Pad thai a wurin Musulmi ko inda ka ga galan ɗin man da idonka: taliyar shinkafa, ruwan tsamiya, sukarin kwakwa ko na giginya, nam pla, awara, ƙwai, busasshen jatan lande, tsiron wake da dakakkiyar gyaɗa. Gwamnatin firaminista Phibun ce ta yaɗa ta a shekarun 1940. Mai kyau ba ta yin ja kamar an zuba tumatir, ba ta kuma dunƙulewa. Faranti ɗaya ko biyu ake soyawa a lokaci guda, tulin da aka soya tun ɗazu aka ajiye a gefen kasko a bar wa mai shi. Tom yum goong, miyar jatan lande mai tsami da yaji da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, a tambayi romon da aka yi ta da shi. Ganyen lemo da yankan saiwa dangin citta da ke ciki na ƙamshi ne, ba a tauna su.

Som tam iri biyu ne, kuma bambancin yana da muhimmanci. Tam thai gwanda ce da tumatir, lemon tsami, gyaɗa da busasshen jatan lande. Tam pu pla ra kuwa da ɗanyar ƙaguwa mai gishiri da ruɓaɓɓen kifin ruwan daɗi ake yin ta, a bar ta. Haka duk wani ɗanyen kifin kogi, irin koi pla na arewa maso gabas: yana ɗauke da tsutsar hanta wadda ta sa yankin yake cikin wuraren da sankarar bututun matsarmama ta fi yawa a duniya. Lemon tsami da barkono ba sa kashe ta, wuta ce ke kashewa. Ɗanyar kawa da 'yan ƙwaryar teku da aka ɗan watsa wa ruwan zafi su ma a ƙyale su. Wanda gyaɗa ko jatan lande ke tayar wa borin jini ya sa a rubuta masa wannan ma a waya, domin suna cikin abubuwan da ba a gani.

Kayan zaƙi mafi yawansu shinkafa ne da kwakwa da sukari. Khao niao mamuang, shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da mangwaro, ta fi daɗi daga Afrilu zuwa Mayu. Khanom krok 'yar waina ce da ake toyawa a tanda irin ta masa. Khao mak, shinkafa mai zaƙi da aka bari ta yi tsami, tana da ɗan barasa. Durian, wani babban ɗan itace mai ƙaya, a ci shi a inda aka saya, otel-otel da jiragen ƙasa na birni sun hana shiga da shi saboda wari. Duk abin sha ko alewar da ka ga hoton ganyen wiwi a jiki, ba ado ba ne.

Wanda ya fita Bankok ya nemi abu biyu. A Chiang Mai, khao soi: taliyar ƙwai cikin miyar kwakwa da kaza ko naman sa, da soyayyar taliya a sama. Ana danganta ta da Chin Haw, fataken lardin Yunnan na ƙasar Sin waɗanda da yawansu Musulmi ne, kuma jikokinsu na sayar da ita a lungu na 1 na titin Charoen Prathet, gefen masallacin Ban Haw, inda kasuwa ke ci da safiyar Juma'a. A kudu kuma soyayyar kazar Hat Yai, da tulin soyayyar albasa da shinkafa mai danƙo.

Ruwa, ƙanƙara, da ranar da ciki ya ɓaci

Ba a shan ruwan famfo. Ƙaramar gorar ruwa wajen bat 10 ce. Ƙanƙarar da ke da siffar bututu da rami a tsakiya daga masana'anta take, da tataccen ruwa, ita ce a mafi yawan tebura. Wadda ake farfasawa daga babban dutse an fi yin ta don sanyaya kaya, a guje ta. Shayin cha yen da sukari mai yawa ake haɗa shi, ka ce "wan noi" a rage. Yankakkun 'ya'yan itace a sa a yanka sabo a gabanka.

Idan gudawa ta zo duk da haka, abin tsoro shi ne bushewar jiki, a ƙasar da gumi ba ya tsayawa. Narka ƙunshin gishiri da sukari a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwan gora, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kofi guda bayan kowace fita. A ci farar shinkafa, ayaba, ko khao tom pla, wato shinkafa cikin romon kifi, a teburin Musulmi. A ajiye yaji, madara da maiƙo na kwana biyu. Maganin tsayar da gudawa irin loperamide yana da amfani ga mai doguwar tafiyar mota, amma ba a shan sa idan akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida, domin yana riƙe cutar a hanji. Kada ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta da kanka. Jini, zazzaɓi mai zafi, aman da ya hana ruwa zama, fitsarin da ya ɗauke, ko gudawar da ta wuce kwana uku, duk na asibiti ne, yaro da tsoho da mai juna biyu kuwa ba a jira da su. Ka gaya wa likita ƙasar da ka fito, don ya gwada zazzaɓin cizon sauro, wanda likitan Bankok ba lallai ya fara tunaninsa ba. Lambar motar asibiti 1669 ce, ta 'yan sandan masu yawon buɗe ido kuma 1155, suna jin Turanci.